Goyon Yara a Cikin Mota

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ma'aikacin gwamnati mazaunin Ƙofar Taramniya, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a Sakkwato.



Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, shugaban makaranta, malamanmu na dauri da na yanzu, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Yayyenmu da suka riga mu fita, abokan ajina, ƙannenmu, da iyalanmu da suka taho tare da mu, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa an sa ni cikin masu jawabi, ya rubuta a ƙasa cewa in zaɓi abin da na ga dama, muddin dai ban taɓa siyasa ba, ban kuma wuce minti ashirin ba. Sharaɗin farko mai sauƙi ne. Na biyu kuwa, waɗanda muka yi ƙungiyar muhawara tare sun san sai an ja mini riga. Ni ba likita ba ne, ba na kuma aiki da Hukumar Kiyaye Haɗurra. Aikina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Abin da ya ba ni bakin magana a kan zaman yara cikin mota, wani abu ne da ya faru a gidana, kuma laifina ne.

Ɗazu da safe na ɗan tsaya bakin ƙofa ina kallon masu shigowa. Masha Allah. Wanda ya zo makarantar nan da akwatin ƙarfe a kai da garin kwaki a ciki, yau ga shi cikin Camry, wani Corolla, wani Sienna cike da iyali. Amma na ga jarirai a cinya a kujerar gaba. Na ga yara tsaye tsakanin kujeru biyu. Na ga wani abokin ajina, ba zan faɗi sunansa ba don yana nan yana kallona, ya ɗora ɗansa a kan cinya, yaro na riƙe da sitiyari, ana dariya. Ban ga laifin kowa ba, domin ni ma haka nake yi har zuwa 2022.

Wata Asabar ce da hantsi, muka fito daga gida Ƙofar Taramniya za mu gaida surukaina a Mabera. Tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba. Uwargida na gaba da ƙaramar ɗiyarmu a cinya, lokacin tana da wata goma. Wanta ɗan shekara biyar yana inda duk yaranmu ke so, watau tsaye a tsakiya, hannu ɗaya a kujerata, ɗaya a ta uwarsa, yana nuna mini wani raƙumi da aka ɗora wa kara. Ni kaɗai na ɗaura bel a motar nan, shi ma don kada a tare ni a hanya ne. Sai ga ɗan kabu-kabu ya fito daga lungu bai duba ba. Na taka birki na kauce masa, tayar gaba ta daki bakin kwalbati, mota ta tsaya cak. Gudun da nake yi bai wuce kilomita 40 ba. Ɗan kabu-kabu ya ɗaga mini hannu ya yi gaba, ko sanin abin da ya faru bai yi ba.

Yaron nan ya wuce ta tsakaninmu kamar an harbo shi, ya daki rediyo da fuska, haƙora biyu suka fita, goshi ya tsage. Jaririyar ta suɓuce daga hannun uwarta ta bugi dashbod, uwar ta biyo bayanta ta danne ta, ƙashin wuyanta ya tsage. Ni ko ƙwarzane ban samu ba. A asibiti wata likita, wadda na tabbata na girme ta, ta gama ɗinke goshin yaro, ta tambaye ni, "Yallaɓai, ina yake zaune?" Na ce ai tsaye yake. Ta ce, "Ƙaramar fa?" Na ce a cinya. Ta ce, "Kai fa?" Na ce na ɗaura bel. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Makanike ya gyara motar cikin yini ɗaya. Yara kuma Allah Ya ba su lafiya, ko da yake tabon goshin na nan, kullum muka zauna cin abinci ina ganinsa. Abin da ya fi daɗewa bai warke ba shi ne zuciyar uwarsu. Ta yi makonni tana maimaita magana ɗaya, "Wallahi na riƙe ta." Kuma gaskiya ta faɗa, ta riƙe ta. Sai dai ba ta san abin da take ƙoƙarin riƙewa ba, ni ma da na yi aji shida a makarantar nan na wuce jami'a ban tsaya na yi lissafinsa ba.

Masu ajin kimiyya za su tuna malaminmu na fiziks, Allah Ya saka masa da alheri. Yakan ɗora guntun alli a kan rajista, ya yi tafiya da sauri zuwa ƙofa, ya tsaya cak, alli ya wuce ya faɗi ƙasa. Dokar Newton ta farko ke nan: abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai wani abu ya tare shi. Muka haddace don jarrabawa, muka bar ta a ɗakin jarrabawa. To, jama'a, mota ita ce rajista, ɗanka shi ne allin. Idan mota na gudun kilomita 50 a awa, duk abin da ke cikinta gudun da yake yi ke nan. Ta daki abu ta tsaya, wanda ba a ɗaure ba zai ci gaba da gudunsa har ya gamu da gilashi, ko dashbod, ko kwalta. Wanda ya daki abu da gudun kilomita 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, watau saman bene mai hawa uku. A irin wannan karo nauyin jiki kan ninka sau 20 zuwa 30 cikin ƙiftawar ido. Jaririn da ke da kilo 10 sai ya koma kamar kilo 300. Buhun siminti shida ke nan na Kalambaina. Ina uwar da za a jefa wa buhun siminti shida ta cafe? Ko ɗan damben da ya fi kowa ƙarfi ba zai iya ba. Ranar da na zaunar da uwargida na yi mata wannan lissafi a bayan ambulan, ranar ta daina zargin hannunta.

Idan kuma babban bai ɗaura bel ba, to shi ma tafe yake a bayan yaron da nasa nauyin. In kuwa ya ɗaura bel ɗaya ya zagaye shi da yaron tare, kamar yadda wasu ke yi da kyakkyawar niyya, to ya sa yaro tsakanin bel da ƙirjinsa, kuma nauyinsa duka a kan yaron zai sauka. Wannan ya fi kowane muni. Sa'an nan ga jakar iska, wadda makanikai ke kira iyabag. An yi ta ne don ƙirjin babban mutum da ke zaune nesa da ita. Tana fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Yaron da ke cinya ko ya jingina da dashbod, a fuska da wuya take samunsa.

Kada a ɗauka abin namu ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Hukumar ta kuma ce kujerar yara na rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100. Lissafin Amurka ya nuna raguwar kashi 54 ga 'yan shekara 1 zuwa 4. Da maganin wata cuta ne ke aiki haka, da mun yi layi tun asuba a bakin asibiti.

Shi kansa bel ɗin da muke ɗaurawa, mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ya fito da shi a 1959, kamfanin kuma ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta. A ƙasar nan, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, amma sai ranar 1 ga Janairu 2003 aka fara tilasta ɗaura bel, lokacin muna ƙananan azuzuwa. Na tuna direbobin tasi na ratayo shi a kafaɗa idan sun hango jami'ai, su sake shi da an wuce. Dokokin hanya na 2012 sun ɗora wa direba alhakin yaran da ya ɗauka, sun kuma yi maganar kujerar yara, hukumar kuma ta sha nanata cewa yaron da bai kai shekara 12 ba kada a zaunar da shi gaba. Doka tana nan. Amma ku da ni mun san ba a cika tare mutum a Sakkwato don ya ɗora ɗansa a cinya ba, sai dai ma a yi wa yaron wasa ta taga. Saboda haka wannan aiki ya rage ga mai gida.

Da na sayo kujera na ɗaura a mota, gardamar farko a gida na same ta, wajen mahaifiyata. Ta leƙo ta ga ana sa wa jikarta maɗauri, ta ce, "Kai, wanga abu fa? Jikata za ka ɗamre kamar tunkiyar da za a kai Kara? Mu da munka goye ku, wa yaɗ ɗamre ku ga kujera?" Na rasa ta cewa, don ba a yi wa Inna lissafin Newton. Can na ce, "Inna, Allah shi ba ki haƙuri. Lokacin da kike daka ina bayanki, da mi kinka riƙe ni?" Ta ce da zane. Na ce zane kaɗai? Ta ce da majanyi. Na ce don mi ba ki riƙe ni ga hannu ba? Ta ce, "Kai wawa na? Ai faɗuwa za ka yi." Na ce to, ita ma mota daka take yi, shi ya sa za mu goya mata yarinyar. Ta yi shiru, ta ce ɗan boko ba ya rasa magana. Yau idan za mu fita, ita ke fara tambaya daga zaure, "Kun ɗamre ta?"

Na ba da wannan labari ne don mu lura cewa ɗaure yaro ba baƙon abu ba ne gare mu. Mu ne ma muka fi kowa iya shi. Duba yadda uwa ke goyo: zane ya rufe baya duka, ya tallafi ƙeya, majanyi ya kama ƙugu. Abin da kujerar jariri ke yi ke nan. Wani masanin Suwidin, Farfesa Bertil Aldman, ya lura a shekarun 1960 cewa 'yan sama-jannati kwance suke da baya lokacin da za a harba su, don ƙarfin tashin ya watsu a bayansu duka. Daga nan ya kawo shawarar a juya kujerar yaro ta kalli baya. Dalili kuwa, kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, ga wuya bai yi ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, maɗauri zai riƙe jiki, kai ya yi gaba da ƙarfi, wuya ya ɗauki abin da ba zai iya ba. Idan yana kallon baya, kai da wuya da baya duk tare za su nutse cikin kujera. A Suwidin har yau yara na kallon baya sai sun kai wajen shekara huɗu. Amma a kula, goyon zane a cikin mota ba ya wannan aiki. Matar da ta shiga mota da goyo ta sa ɗanta tsakanin bayanta da kujera ne, in an yi karo ita za ta murƙushe shi. A kwance goyo kafin a shiga.

To yaya ake yi? Daga ranar da za a ɗauko jariri daga asibiti, kujera mai kallon baya, a kujerar baya ta mota, har ya kai aƙalla shekara biyu, in kujerar na ɗaukarsa ma ya wuce haka. Mutane kan ce ƙafafunsa sun takure. Yaron da ke zaman makarantar allo ya lanƙwashe ƙafa awa biyu, wannan ba zai dame shi ba. Kada a taɓa ɗaura irin wannan kujera a gaba inda akwai jakar iska. Idan ya fi ƙarfinta, sai a koma mai kallon gaba, mai maɗauri biyar, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu. A ja maɗaurin ya kama jiki, yadda in ka sa yatsa biyu a kafaɗarsa ba za ka iya tsunkuno shi ba. Lokacin hunturu a cire wa yaro rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, a lulluɓe shi daga sama. Ita kanta kujerar, bayan an ɗaura, a kama ta ta gindi a girgiza. In ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu, ba ta ɗauru ba.

Inda na fi so a saurare ni shi ne mataki na gaba, domin nan ne har masu sayen kujera ke sakaci. Yaro ya kai shekara biyar ko shida, ya ce shi ya girma, sai a zaunar da shi a ɗaura masa bel ɗin manya, uba ya ji ya yi abin kirki. Bel kuwa an auna shi ne da jikin babba. A jikin babba, na ƙasa kan kwanta a kan ƙashin ƙugu, na sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa da ƙirji, duk wurare masu ƙashi. A jikin ɗan shekara shida, na ƙasa kan hau ciki, na sama ya bi ta wuya. Yaro ya ji yana cin wuyansa, sai ya tura shi ƙarƙashin hammata ko bayansa. In aka yi karo a haka, bel ɗin zai nutse cikin tumbi, ya iya fasa hanji ko saifa, ya lanƙwasa ƙashin baya. Maganin abin ɗan ƙarami ne: wani matashi mai tauri da ake ɗorawa a kujera ya ɗaga yaro sama, bel ya sauka inda ya kamata. Volvo ta fara yinsa a 1978. Akwai mai majingina, akwai marar ita, kuma shi ya fi kowace kujera araha. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna yana rage mummunan rauni da kashi 45 cikin 100 ga 'yan shekara 4 zuwa 8, in aka gwada da bel kaɗai. Filon ɗaki ba ya maye gurbinsa, domin lotsewa yake yi ya zame, ba shi kuma da ƙahonnin da ke riƙe bel a kan ƙugu.

Yaushe yaro zai bar shi? Tsawo ake dubawa. A Ingila doka ta ce sai ya kai shekara 12 ko santimita 135. A Jamus santimita 150 ne. Gwajin da kowa zai iya yi a ƙofar gidansa shi ne a zaunar da yaro ya jingina bayansa sosai. Idan gwiwarsa ta lanƙwashe daidai bakin kujera, bel na ƙasa na kan cinya, na sama na kan kafaɗa, kuma zai iya zama haka har Birnin Kabi bai zame ba, to ya isa. Yawancin yara sai sun kai goma zuwa sha biyu.

Sai maganar saye. Yawancinmu na gwanjo za mu samu, kamar yadda motocin namu ma 'yan Kwatano ne. Ba laifi, amma a buɗe ido. A juya kujerar a duba takardar da ke manne. Ta Turai tana da tambari ruwan lemo da harafin E cikin da'ira, da lamba R44 ko R129. Ta Amurka tana ɗauke da ranar da aka ƙera ta. Roba na tsufa, masu ƙerawa kan ba ta shekara shida zuwa goma, ranar Sakkwato kuwa ba ta raga wa roba. Wadda ta tsage, ko maɗaurinta ya zaizaye, ko maƙullinta ba ya cewa ƙas, a bar wa mai ita. Sa'an nan a duba motar kanta. Da yawa cikinmu in muka leƙa baya za mu tarar mai ɗinkin rigar kujera ya tura bel da maƙullansa ƙarƙashi ya rufe, shekara da shekaru ba wanda ya neme su. Ni sai da aka ɗaga kujerar baya aka zaƙulo nawa, tare da biro uku da tsohon katin waya. Motocin da aka ƙera don Amurka daga Satumba 2002 suna da wasu ƙarafa biyu a ɓoye tsakanin mazauni da majingina, waɗanda ake maƙala kujerar yara a jiki. Turawan Turai na kiransu ISOFIX. Sa hannu ka laluba, mai yiwuwa suna nan ba ka sani ba. A gefen ƙofar baya kuma akwai ɗan maɓalli da ke hana buɗe ta daga ciki. Wannan kyauta ne, turawa kawai za ka yi.

Na san abin da ake raɗawa a baya can. Wani na cewa tsada. Gaskiya ne, abubuwa sun yi tsada, albashi kuma kun san inda ya tsaya, ni ma a layin nake. Amma mu da muke zaune a zauren nan, mu faɗa wa juna gaskiya. Wanda ya iya sayen mota, ya canza mata taya, ya yi mata baƙin gilashi, ya riƙe wayar da ke aljihunsa yanzu, ya yanka ragon suna, bai fi ƙarfin matashin ɗaga yaro ba. Kujera ɗaya kuma yara uku za su iya gadonta.

Wani na cewa, ni 'ya'yana bakwai, mota ɗaya. Wannan ita ce tambaya mai wuya, kuma Baturen da ya ƙera kujerar bai yi lissafin gidajenmu ba. Abin da zan ce, a yi abin da ya samu bisa tsari. Yara duka baya. Mafi ƙanƙanta shi ke da kujera. Kowane yaro da bel ɗinsa, kada a haɗa biyu a ɗaya. In dole sai wani ya zauna gaba, ya zama babbansu, a tura kujerar baya iyakarta. In sun fi bel yawa, a yi sawu biyu. Daga Ƙofar Taramniya zuwa Fakon Idi sawu biyu ba zai sa a rasa salla ba in an fito da wuri. But ɗin mota da bayan a-kori-kura kuwa, inda muke loda yara ranar Salla da ranar kai amarya suna waƙa, wannan a bar shi gaba ɗaya. A motar haya, inda ake zama huɗu a baya biyu a gaba, mai jariri ta ƙi kujerar gaba ko da direba ya ce girmamawa ce. In tafiya mai nisa ce kamar Illela ko Tambuwal, kuma da hali, a biya wa yaro mazauninsa. Na kabu-kabu mai yara huɗu, ɗaya a kan tanki, ba ni da kujerar da zan ba shi. Sai dai in roƙi iyaye, in makarantar kusa ce, a taka da ƙafa a raka su.

Wani kuma zai ce, abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, kuma ba wanda zai tsaya a birnin Shehu ya yi jayayya da wannan. Amma malamanmu na addini suna nan zaune, su suka karantar da mu labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Mu ma kullum dare muna kulle mota, mu sa wa sitiyari ƙarfe, mu kulle gareji. Ban taɓa jin wanda ya bar makulli a jiki ya ce ƙaddara ba.

Abu ɗaya da ya shafi garinmu musamman, shi ne zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40 a inuwa. Ƙarfen maɗauri da ya sha rana yana ƙona fatar jariri, don haka a riƙa rufe kujerar da tawul in an ajiye mota, a kuma taɓa da hannu kafin a sa yaro. Kada kuma a bar yaro cikin mota a rufe, ko na shiga banki ne in fito. Cikin minti goma mota kan zama tanda, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Motar da ke ajiye a gida ma a kulle ta, domin mun sha jin yara sun shiga wasan ɓuya ƙofa ta rufe da su.

Mai girma shugaba, na ga sakatare na duba agogo. Ina da roƙo ga ƙungiya. Muna da al'ada mai kyau, duk ɗan ƙungiyar da aka yi wa haihuwa ana kai masa gudummawa. Ina ba da shawara, wanda ke da mota, a haɗa kuɗin a saya masa kujerar jariri a kai masa ranar suna. Wanda ɗansa ya fi ƙarfin tasa, ya maido wa ƙungiya a duba lafiyarta a ba wani, ma'aji ya buɗe mata littafi kamar yadda muke aron littattafai a laburare, sai dai wannan karo a riƙa maidowa. Ina kuma roƙon a rubuta wa ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra na Sakkwato a gayyace su taron baɗi, su nuna mana ɗaurawa da hannu, mu zo da matanmu da direbobinmu, domin su ke kai yara makaranta ran da muke ofis. 'Yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya kuma, ku riƙa yi wa iyaye tambayar nan da aka yi mini, tun ranar sallamar mai jego.

Motata na can gindin dogon yaro kusa da ɗakin gwaje-gwaje, da kujerar jariri da matashin ɗaga yaro a ɗaure a baya. Na kuma roƙi izinin shugaban makaranta na ja layi biyu da alli a bangon ɗakin, ɗaya a santimita 135, ɗaya a 150. Bayan sallar azahar, duk wanda ya zo da yara ya kawo su a auna, ya kuma kawo makullin motarsa mu laluba mu ga ko bel ɗin baya na nan. Abokin ajina mai ɗan direba, da kai za mu fara.